Keke a kan tudu: daga gadar Kennedy zuwa duwatsun Adar

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gadar Kennedy da sassafe, bayan an fito sallar asuba, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. Tun kafin motocin ma'aikata su cika hanya, masu kekuna ne ke fara ƙetaro kogin Isa daga Harobanda. Wannan ya ɗauro ciyawa har ba a ganin kansa ta baya, wancan ya ɗauro kwandon salati da kabeji daga garka, ga ɗan makaranta da jakarsa a kafaɗa. Gadar, wadda aka buɗe a shekara ta 1970, tsawonta mita 710 ne, kuma a shimfiɗe take, keke na tafiya a kanta ba wahala. Amma da an sauka daga gada aka fuskanci gari, sai ƙasa ta fara tashi, domin Yamai ta wannan gefe bisa tudu take zaune. Nan za ka ga mutum ya miƙe tsaye kan feda, yana lilo dama da hagu, jijiyoyin wuyansa sun fito. Daga bisani ya haƙura, ya sauka, ya tura. Ba mai waiwayarsa. In ma an dube shi, kallon tausayi ne, a ce Allah sarki, bai samu kuɗin moto ba.

A ƙasar Faransa kuwa, mutum yakan ɗauki hutun aikinsa, ya biya kuɗin jirgin ƙasa, ya yi tafiyar yini guda, ba don komai ba sai don ya samu tudun da zai hau da keke. Cikinsu akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai manomi, akwai tsohuwa mai jikoki. Mai jin wannan labari karon farko zai ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Akwai ƙoshin, ba mu musa ba. To amma a bayan wannan al'ada akwai dabarar ƙira, akwai aikin hukuma, akwai kuma ƙauyukan da suka kusa mutuwa suka samu abin riƙewa. Waɗannan su ne suka shafe mu.

Mutumin Saint-Étienne da haƙoran faifai

Saint-Étienne gari ne na masaƙa da maƙera a tsakiyar Faransa, duwatsu sun kewaye shi. A can wani dillalin alharini mai suna Paul de Vivie ya zauna. An haife shi a shekara ta 1853, ya rasu a 1930. Son keke ya kama shi har ya bar sana'arsa ya koma sayar da kekuna, ya kuma kafa wata jarida ta masu keke a 1887, inda yake sa hannu da sunan Vélocio. Shi ne ya yaɗa tunanin cewa keke abin tafiya ne mai nisa, na ganin ƙasa da mutanenta, ko da mutum bai yi tsere da kowa ba.

Kudu da garin akwai wata mashiga ta dutse, wato wurin da hanya ke ƙetare dutse ta wuyansa, ana kiranta Col de la République. Tsayinta mita 1,161 ne daga bakin teku. Ana ba da labari cewa wata rana Vélocio na fama da wannan hawa, sai wani mai karanta jaridarsa ya zo ya wuce shi a hankali, da lofe a baki. Da ya duba sai ya ga ba ƙarfi mutumin ya fi shi ba, faifan kekensa ne ya bambanta. Daga nan ya duƙufa neman hanyar da keke ɗaya zai zama yana da sauri a fili, yana kuma da sauƙi a tudu.

Bari mu yi lissafin tare, domin ba shi da wuya. Keke na da faifai biyu masu haƙora, babba a wajen feda, ƙarami a ƙafar baya, sarƙa ta haɗa su. A ce na gaba yana da haƙora 44, na baya 18, kamar yadda ake samu a yawancin manyan kekunan da muka saba da su. Ƙafar irin wannan keke, in ta juya sau ɗaya, takan ci kimanin mita 2.2 na ƙasa. To duk juyin feda ɗaya, ƙafar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi, keke ya ci fiye da mita 5. A fili wannan daɗi ne. A tudu kuwa, ma'anarsa ita ce da taki ɗaya kake son ɗaga kanka da kekenka da kayanka tsawon mita 5 na hawa, shi ya sa gwiwa ke gazawa. In da faifan gaba da na baya haƙoransu ɗaya ne, a ce 30 da 30, juyin feda ɗaya mita 2.2 kawai zai ci. Tafiya ta ragu, amma nauyin kowane taki ya ragu da fiye da rabi. Mai keke zai hau yana zaune, yana numfashi daidai. Sannu ba ta hana zuwa.

Na'urar da ke ɗauke sarƙa daga wannan faifai ta aza ta kan wancan ana cikin tafiya, ita ce Faransawa ke kira dérailleur, mu kuma muke cewa keke mai giya. Maƙera da yawa ne suka sa hannu a ƙirarta, amma Vélocio na cikin waɗanda suka fi kowa yi mata yaƙi. Abin mamaki, manyan ƴan tsere ne suka daɗe ba su same ta ba. Henri Desgrange, wanda ya kafa tseren kewaya Faransa, wato Tour de France, a shekara ta 1903, yana ganin na'urar ta raggwaye ce. A 1910, da aka fara kai tseren manyan duwatsun Pirene, Octave Lapize, wanda ya ci tseren na wannan shekara, sai da ya sauka ya tura kekensa a hawan Tourmalet, mai tsayin mita 2,115, kamar dai mutuminmu na bakin gada. Haushi ya sa a ranar ya kira masu shirya tseren masu kisan kai. Ba a yarda kowa da kowa ya yi amfani da giya a wannan tsere ba sai a 1937. Matafiya na yau da kullum sun riga zakarun da shekaru kusan talatin.

Vélocio ya bar wa almajiransa waɗansu ƙa'idoji na tafiya, kuma duk wanda ya san fatake zai ga ba baƙi ba ne a wurinmu. Ya hore su da su ci kafin yunwa ta kama su, su sha kafin ƙishirwa, kada su yi gaggawa a farkon tafiya, kada su yawaita zango mai tsawo har jiki ya yi sanyi, kada kuma su taka feda don a gani a yaba. Madugun ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro ba zai ƙara kome a kan wannan ba, sai dai ya ce a yi sammako. An kafa masa dutsen tunawa a kan mashigar nan da aka wuce shi.

Hanya da hutu da ƙauye

Giya kaɗai ba ta isa ta sa mutane yawo ba. Faransa na da ƙananan hanyoyi masu yawan gaske, waɗanda ke haɗa ƙauye da ƙauye, kuma ba da daddare suka tsiro ba. Tun a shekara ta 1836 aka yi dokar da ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin gyaran hanyoyin ƙauyukanta. An yi su ne don amalanken manomi, daga baya aka zuba musu kwalta. Da manyan motoci suka koma manyan hanyoyi, sai waɗannan suka zama na mai keke, yana iya yin awa guda bai gamu da mota goma ba. A 1923 ƙungiyoyin masu yawo da keke suka haɗu suka kafa tarayyarsu ta ƙasa. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako 2 a shekara tare da albashi, sai ga leburori da matansu sun bazu cikin karkara bisa kekuna, da yawansu ba su taɓa ganin bayan garinsu ba.

A manyan hawa na Pirene da Alp, kowane kilomita akwai allo a gefen hanya. Allon na gaya wa mai keke kilomita nawa suka rage, da yadda tsinin hawan yake. In an rubuta kashi 7 cikin 100, ma'ana a duk mita 100 da ka ci, ka tashi sama da mita 7. Hawan Tourmalet ta gefen yamma kilomita 19 ne, kusan duka a kan irin wannan tsini. Abu ne ƙarami, allo da fenti, amma mai tafiya ya san yadda zai raba ƙarfinsa da ruwansa. Dokar hanya ta ƙasar kuma ta tilasta wa direba, in zai wuce mai keke, ya bar tazarar mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a bayan gari. A jahar Burgundi, a 1997, an mai da wani tsohon layin dogo tsakanin Givry da Cluny hanyar kekuna da masu tafiya a ƙasa, mota ba ta shiga. Tun daga nan aka yi ta yin irinta a sassan ƙasar.

Amma labarin da ya fi kama hankalinmu shi ne na Ardèche. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka a kudancin Faransa, noma a cikinta wahala ne. Kakanninsu sun jera duwatsu a jikin tsaunuka, hawa-hawa, don su tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Da sana'ar alharini ta faɗi, matasa suka yi ta ficewa zuwa birane. Tsakanin 1861 da 1962 yankin ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanensa. Makarantu suka rufe, gonaki suka koma daji. A shekara ta 1992 mutanen wani ƙaramin gari mai suna Saint-Félicien suka shirya taron masu keke, suka sa masa suna Ardéchoise. Taron ya girma har ya kai yana tara fiye da mutum 10,000 a watan Yuni. Ƙauyukan da hanya ta ratsa sukan yi ado, su fito da abinci da kiɗa, ƴan sa kai su tsaya kan mararraba. Wanda ya zo ya ga wuri, yakan dawo wata shekara da iyalinsa.

Me ya sa ƙauye ke son mai keke fiye da mai mota? Dalilin a fili yake. Mai mota yakan cika tankinsa a birni, ya ratsa ƙauyuka ashirin bai tsaya ba, sai ƙura ya bar musu. Mai keke ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa, kuma tafiyarsa ta yini ba ta cika wuce kilomita 60 zuwa 80 ba. Dole ya ci a hanya, ya sha a hanya, ya kwana a hanya, ya nemi mai faci a hanya. Kuɗinsa kaɗan-kaɗan yake zubewa, amma a hannun talaka yake zubewa. Tudu kuwa ƙara masa yunwa yake yi.

Tamu hanyar

To mu dawo gida. Wani zai ce Nijar ai shimfiɗaɗɗiya ce, ina ruwanmu da zancen hawa? Mai faɗin haka a mota yake tafiya. Gaskiya ne manyan duwatsunmu suna can Abzin, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, kaɗan ya rage ta kamo Tourmalet. Amma ko a nan kudu, ƙafar mai keke ta san abin da idon mai mota bai gani ba. A hayin kogi, daga cikin Yamai ma ana hango duwatsun nan uku da Faransawa suka laƙaba wa sunan ƴan'uwa mata uku. Kuma wanda ya kama babbar hanya mai lamba 1 ya nufi gabas, zai tarar ƙasar hawa da sauka ce tun daga fita gari.

Mu bi ta a hankali, zango-zango, kamar yadda mai keke zai bi ta. Daga Yamai zuwa Kure kimanin kilomita 60 ne, tafiyar yini ɗaya ga wanda bai saba ba. Hanyar na bisa faƙo, jar ƙasa mai tsakuwa, inda sabara da geza ke tsirowa layi-layi, da fili tsakaninsu. Wannan yanki shi ne mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su fi 50 ba. Da aka tsaya kan kiyaye su, tare da mutanen ƙauyukan, sun haura 600 kafin 2018, har aka ɗebi 8 a wannan shekara aka kai Gadabeji. Da damina sukan hau faƙo, da rani su gangara kwari wajen Harikanasu neman gawo.

Wannan kwari shi ne Dallol Boso, wanda Zabarmawa ke kira Boboy. Tsohon kogi ne da ya taso daga Azawak tun zamanin da Sahara ke da ruwa, ya kafe ya bar faɗinsa. Mai keke zai ji hanya ta sake shi, ya gangara ba taki zuwa Birnin Gaure, iska ta canza, ga goriba, ga garake, ga rijiyoyi marasa zurfi, ga wuraren da ake dafa kanwa. Daɗin gangare bashi ne, ana biyansa a ɗaya gefen. Bayan an haye, sai Dosso, garin Zarmakwai, kusan kilomita 140 daga Yamai. A gefen wannan hanya ne aka shimfiɗa layin dogo tsakanin 2014 da 2016, wanda bai samu jigilar da aka yi masa fata ba. Duk wanda ya san labarin Givry da Cluny, in ya dubi wannan miƙaƙƙen fili, dole wani tunani ya zo masa. Mun bar wa masana.

Daga Dosso zuwa Dogondutsi kwana biyu ne, a sauka cikin wani kwarin, Dallol Mawri, ƙasar Arewa. Tun daga nesa ake hango dutsen da garin ya ci sunansa, jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, mai keke zai daɗe yana kallonsu kafin ya sha ruwan garin. Nan an ci kusan kilomita 275. A wannan yanki ne Lugu take, garin Sarauniya, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Yaranmu na karanta wannan a littafi. Nawa ne cikinsu suka taɓa taka wurin?

Gaba kuma sai Birnin Ƙonni, wajen kilomita 420, sai mararrabar Tsarnawa. Wanda ya miƙe zai wuce Malbaza mai siminti da Galmi mai albasa. Wanda ya karkata arewa ya nufi Tawa ta Badagishiri, ya shiga Adar ke nan, kuma a nan ne ainihin ƙasar tudu take. Duwatsun Adar da Majiya sun haura mita 600 a waɗansu wurare. Baƙin dutse ne a sama, ƙoramu sun tsattsaga shi, a ƙasa kuma fadamu masu albarka. Hanya takan hau ta sauka, ta sake hawa, ba ta barin mutum ya huta da yawa.

Wanda ya ji labarin Ardèche, in ya zo nan zai yi shiru. Ƙasa ce mai wuyar noma, samarinta sun shahara da tafiya ci-rani, Abijan, Najeriya, Libiya, wasu ƙauyukan da rani sai mata da tsofaffi da yara. Kuma su ma sun jera duwatsu. Daga shekara ta 1984, a ƙarƙashin aikin raya karkara na Kaita, wanda aka yi da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen yankin, akasarinsu mata, sun haƙa ramuka a jikin tsaunuka, sun ɗauki duwatsu a ka sun yi shinge, sun dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani, sun rubuta. Ɗan Yamai da ɗan Damagaram kuwa, da yawa ba su san da shi ba. Aiki ne da ba a fahimtarsa ta tagar mota. Sai wanda ya hau tudun da ƙarfin ƙafarsa zai gane nauyin dutsen da matan nan suka ɗauka.

Akwai kuma wani tudu namu da ba a gani, wato iska. Lokacin da ya dace da doguwar tafiya shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, wannan tafiya kasada ce da rai. To amma lokacin sanyi shi ne na hunturu, iskarsa kuwa daga gabas maso arewa take busowa, wato a fuskar wanda ya bar Yamai ya nufi Dutsi. Takan ƙarfafa da hantsi. Mai hankali zai tashi da asuba, ya ci rabin zangonsa kafin ta farka, ya sauke giya in ta taso kamar yadda zai yi a hawa. A komowa ita ce za ta tura shi gida. Ruwa kuwa kada a yi masa rowa, in rana ta yi zafi jiki na iya neman kusan lita guda a awa. Kuma a nisanci ƙwayoyin da ake cewa suna kashe gajiya, irin su tramol. A ranar 13 ga Yuli 1967, zakaran Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a hawan dutsen Ventoux na Faransa, cikin tsananin zafi, an kuma samu ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Gajiya gargaɗi ce, wanda ya toshe bakinta bai ji kiran da jikinsa ke yi masa ba.

Abin da ya tare hanya

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, hanyar da muka zana ba kowace rana ake binta da kwanciyar rai ba. Tun a 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a waɗansu sassan jahohin Tilaberi da Tawa. A ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga sun kashe mutum 8 a yankin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan Nijar 2, direba da mai yi wa baƙi jagora. Wannan ya karya sana'ar masu jagora da ta ƙauyukan da ke cin abinci da ita. Saboda haka kada kowa ya ɗauki keke ya nufi daji bai tambayi jandarmomi da hukumomin wurin ba, in sun ce a dakata, a dakata. Sai dai shiri ba ya jiran ranar tafiya. Kuma ba baƙo daga Turai muke hange ba tukuna. Ɗan ƙasa muke nufi, ɗalibi da ma'aikaci da ɗan kasuwa.

Haɗari na biyu kullum yana nan, shi ne na kwalta kanta. Faɗinta na mota biyu ne, bakinta a wurare da yawa ya gutsure. In babbar motar kaya ta haɗu da bas ɗin safara, mai keke ba shi da wuri sai rami. Direbobi da yawa na ganin oda ta isa, wanda bai kauce ba shi ya jawo. Ga ma'aikatan da ke tsara hanyoyi muna cewa, duk lokacin da za a sake shimfiɗa wata hanya, a ƙara mata kafaɗa mai kwalta a kowane gefe. Mai keke zai amfana, mai amalanke zai amfana, mace mai tallar nono ma haka. A makarantun koyon tuƙi kuma a sa zancen tazara cikin jarrabawa. Maƙwabtanmu na Wagadugu sun ware wa masu ƙafa biyu gefensu a waɗansu manyan titunansu, ba sai an je Turai ba kafin a ga misali.

Allunan hanya kuwa aiki ne da ya dace da ku, ku da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci. Allo a bakin ƙauye, da Hausa da Zabarmanci, mai cewa rijiya na nan, mai faci na nan, gari na gaba kilomita kaza ne, ba ya bukatar injiniya. Yana bukatar wanda ya iya rubutu, ya kuma san ƙasarsa.

Na uku shi ne raini, kuma shi ya fi wuyar magani. Dattawa na tunawa da zamanin da keken Raleigh daga Kano ko na Peugeot ke sa a san malami ko ɗan kasuwa ya kai, ana goge shi da tsumma kowace safiya, ana yi masa ado da roba mai launi. Da moto ta yi arha, sai keke ya zama shaidar rashi. Har ma'aikacin da gidansa bai fi kilomita 3 da ofis ba ya gwammace ya ci bashin mai da a gan shi yana taka feda, ga likita kuma na yi masa faɗan hawan jini da ciwon sukari. A halin nan kuwa wasu ƙasashen Afirka sun ɗaukaki abin. Burkina Faso na da tserenta na ƙasa tun 1987. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse a Tour de France na ƴan kwanaki. A 2024 ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango 3 a tseren, ya tafi da koriyar riga. A Satumba 2025 aka yi gasar duniya ta kekuna a Kigali ta Ruwanda, ƙasar tuddai, karo na farko a nahiyarmu. Amma mu ba kofi ne ya fi damunmu ba. Yarinyar ƙauye ce ta dame mu, wadda ta ci jarrabawar shiga kwaleji, kwalejin na nesa da kilomita 10, iyayenta ba su yarda ta zauna gidan wani ba, sai karatun ya tsaya nan. Keke mai sauƙin taki da hanya mai aminci na iya raba wannan gardama.

Ga wanda ke son gwadawa, ba sai ya fara da Adar ba. Hanyar Kollo na nan, kimanin kilomita 30 daga Yamai, tana bin kogi ta Saga da Libore da Ndunga, gonakin shinkafa a dama, tudu a hagu, da ƴan hawa da sauka daidai mai koyo. A tafi mutum uku ko huɗu, kada a tafi shi kaɗai. A duba birki tun daren jiya, a ɗauki famfo da kayan faci da ruwa da dabino, a sa tufa mai haske don direba ya gani. Wanda ya tashi ƙarfe 6 zai karya kumallo a Kollo, ya huta, ya komo gida kafin azahar.

Shi kuma mutuminmu na bakin gada, mai ɗauke da ciyawa, ba lalle sai ya sayi sabon keke ba. Ya je wurin makanike ya ce a cire masa faifan baya mai haƙora 18, a sa mai 22, a ƙara wa sarƙa ƴan gaɓoɓi. Juyin fedarsa zai sauko daga mita 5.4 zuwa 4.4. A kan gada yara za su riƙa wuce shi, amma nauyin kowane taki zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma a hawan shiga gari sau da yawa wannan ne ke raba wanda ya sauka da wanda ya isa kasuwa yana bisa sirdi.